Murar da Ta Zaunar da Ba-Hutu

Duk layin babu wanda zai rantse ya taɓa ganin mai askin nan a zaune. Abin zama biyu ne a shagonsa, kujera mai juyawa ta wanda ake yi wa aski da bencin masu jira, kuma a cikinsu babu wanda ya san nauyinsa. A tsaye yake karyawa, a tsaye yake cin na rana, kwanon a kan katakon da ke ƙasan madubi, tsakanin almakashi da kwalbar sifirit. In shago ya yi shiru sai ya ɗauki tsintsiya ya sake share inda ya share ɗazu, ko ya fito bakin titi yana nuna wa direbobi yadda za su ajiye mota, alhali babu wanda ya tambaye shi. Telan da bango ɗaya ya raba shagonsu ne ya laƙaba masa Ba-Hutu. Sunan ya kama shi kam, har matarsa ma in ya ƙure ta da shi take kiransa.

Haka aka haife shi, in ji yayansa, kuma Yaya ne kaɗai ya rage a duniya da zai iya ba da wannan shaida. Iyayensu sun rasu Ba-Hutu bai gama famfara ba. Yaya, wanda a lokacin saurayi ne mai ɗaukar buhu a kamfanin fulawa, shi ya zama uwa ya zama uba. Ya sa shi makaranta, malamai suka ce yaron nan kamar an zuba masa tururuwa a wando. Ya kai shi wurin mai gyaran agogo, ba a yi mako ba aka dawo masa da shi riƙe da kunne. Ya kai shi koyon ɗinki, ya taka keken har bel ya tsinke. Daga ƙarshe Yaya ya dube shi ya ce, "To, Auta, tunda mazaunanka na gaba da kujera, bari mu nemo maka sana'ar da ake yi a tsaye." Ya kai shi wurin wani tsohon mai aski, nan ne kuwa Allah ya ajiye abincinsa. Hannunsa ya faɗa. Ƙafafunsa ba sa tsayawa wuri ɗaya, amma da zarar reza ta hau kuncin mutum sai hannun ya natsu kamar na wani daban.

Shekaru suka ja. Ba-Hutu ya yi aure, ya haifi 'ya mace guda, ya aurar da ita, furfura ta fito masa a gefen kunne. Shi kuwa Yaya, garin fulawar da ya yi ta shaƙa ya cinye masa ƙirji. Matarsa ta rasu ba su samu haihuwa ba. Ranar da numfashi ya hana shi ɗaga buhu, Ba-Hutu ya ɗauki shatar mota ya kwaso shi da akwatinsa da rediyonsa, ya ba shi ɗakin ƙasa na kusa da ƙofa don kada ya sha wahalar matakala. Kuma duk ƙarshen mako, kafin ya buɗe shago, sai ya shiga ɗakin da jakarsa, ya yafa wa Yaya tawul a wuya, ya yi masa aski da gyaran fuska. Shi Yaya har yanzu Auta yake ce masa, shi kuwa ya amsa kamar jiya aka yaye shi.

A farkon sanyin wata shekara aka fara maganar mura. Ba irin wadda ake sharce hanci a ci gaba da harka ba, wannan mai kayar da ƙato ce, ta zo da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi kamar an yi wa mutum dukan ɓarawo. Rediyo ya yi ta sanarwa cewa an kawo allurar rigakafi asibitin unguwa. Wata nas mai ɗan jiki, wadda kowa ke kira Sista, ta bi layin shago-shago tana faɗa da bakinta: tsofaffi su zo, masu ciki su zo, masu ciwon ƙirji da masu ciwon suga su zo, a kawo ƙananan yara. Da ta iso shagon aski ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙare masa kallo. Ɗaki ne siriri ba taga, fanka tana ta juya iska ɗaya, mutum huɗu a benci kafaɗa na gugar kafaɗa.

"Malam, kai ma ya kamata ka zo," in ji ta. "Kullum hancinka yana kan hancin mutane."

"Sista, ni ai cuta ba ta kama ni," ya ce yana kaɗa almakashi. "Sai ta same ni a tsaye wuri ɗaya tukuna."

Aka yi dariya, har ita. Tela ya leƙo da tef ɗin awo a wuya ya ce, "Ƙyale shi, Sista. Wanzami ba ya son jarfa."

Tela wasa ya yi, bai san ya taka gaskiya ba. Mutumin da ya ɗora reza a maƙogwaron rabin unguwa, tsoron allura yake ji kamar ƙaramin yaro. Tun yana yaro da aka danne shi aka yi masa wata a cinya yake gudunta. Daga matarsa sai Yaya suka san wannan, su ma ba sa tayar da zancen.

Da yamma Yaya ya rage muryar rediyo ya kira shi.

"Auta, ka ji abin da suke faɗa. Masu irin ƙirjina suke nufi. Ka ɗauke ni a babur mu je a yi mini."

"Gobe, Yaya, in Allah ya kai mu. Yau mutane sun yi yawa."

Gobe ta zo da masu aski tun da sassafe. Jibi janareta ya ƙi tashi. Daga nan aka ce layi ya yi tsawo a asibitin, gara a bari ya ragu. Duk uzurin gaskiya ne, amma a ƙasansu akwai wani da bai faɗa ba: ya san in ya kai Yaya gaban Sista, ba za ta bar shi ya fito da hannunsa lafiya ba. Yaya ya tambaya sau biyu, daga nan ya bar zancen, don shi ba mai naci ba ne.

Murar kuwa ta shigo layin. Mai gyaran waya ya rufe shago. Mai sayar da burodi ya aiko ƙaninsa. Masu zuwa aski suka riƙa zuwa da jajayen idanu, a yafa musu ƙyalle a wuya, hannuwansu a ciki, in atishawa ta taho sai dai su sake ta a fuskar madubi, ko a fuskar wanda ke tsaye a kansu. Ba-Hutu ya ce "Allah ya sawwaƙe" har bakinsa ya gaji.

Wata safiya ya tashi maƙogwaronsa kamar ya haɗiyi yashi. Kafin rana ta take sanyi na kaɗa shi cikin rigar sanyi biyu, bayansa na sara, kilifar askin ma ta yi masa nauyi a hannu. Ya tsallaka wurin mai kemis ya ce a ba shi kafso mai ƙarfi, irin mai kashe ƙwayoyin cuta.

"Wannan ba ya taɓa mura," in ji mai kemis. "Ga na zazzaɓi. Ka je gida ka kwanta, ka sha ruwa da yawa."

Ya karɓi na zazzaɓin, ya bar shawarar a kan kanta. Ya koma shago ya ci gaba da aski yana haɗa gumi.

Kashegari ranar askin Yaya ce. Matarsa ta tare shi a tsakar gida, jakar aski a hammatarsa.

"Baban yarinya, ina za ka da wannan tarin?"

"Gyaran fuska kawai zan yi masa."

"Ka bari ka warke mana. Gemun ba guduwa zai yi ba."

Yaya ma daga ciki ya ɗago murya ya ce, "Bar shi, Auta, sai wani makon." Amma Ba-Hutu ya riga ya ɗaga labule. A ganinsa rashin kunya ne a ce ƙanin mutum mai aski ne, a gan shi da fuska buzu-buzu. Ya haɗa kumfa, ya sunkuya, fuskarsa dab da ta yayansa, ya bi kunci da haɓa da ƙasan hanci a hankali kamar kullum. Tari ya taso masa, ya kau da kai ya yi a kafaɗa, ya juyo ya ci gaba. Da ya gama Yaya ya shafa haɓarsa ya ce, "Hannunka zafi kamar dutsen guga."

Ba a ɗauki kwanaki ba Yaya ya daina fitowa shan hantsi. Ya ce gajiya ce. Ya ce sanyi ne. Ya ɓoye zazzaɓin a ƙarƙashin bargo har sai da matar Ba-Hutu ta kai masa shayi wata safiya ta tarar rediyo a kashe, shi kuma a jingine da bango, bakinsa a buɗe, ƙirjinsa na fito kamar tsohuwar butar ƙarfe a kan wuta, leɓɓansa sun canja launi. Ta saki kofin ta ƙwala kira.

A asibiti likita ya ɗora abin sauraro a bayan Yaya, ya daɗe yana ji. Ya ce murar ce, kuma ta sauka cikin huhu. Ya ce akwai maganin da ke karya mata ƙarfi, ya fi aiki in an fara shi da wuri, amma duk da haka za su ba shi, su haɗa da wani saboda huhun. Sannan ya tambaya, "An yi masa rigakafin bana?"

Tari ya sarƙe Ba-Hutu. Yaya ne ya janye robar iskar da aka sa masa a fuska ya ce da ƙyar, "Mun yi niyya, likita."

Aka tura gadon ciki. Ba-Hutu ya bi, Sista ta tare ƙofa da jikinta. Ta miƙa masa takunkumi ta ce ya sa, sannan ta ɗora bayan hannunta a goshinsa.

"Kai ma ai wuta ce a jikinka. Cikin ɗakin nan duk masu raunin ƙirji ne. Koma gida."

"Yayana ne fa, Sista. Shi ya raine ni."

"Na ji. Koma gida. Sai zazzaɓin ya sauka, ya kwana ya wuni bai dawo ba ba tare da magani ba, sannan mu yi magana."

Matarsa ce ta kama hannunsa ta fitar da shi. Da suka isa gida ta zare makullin shago daga aljihunsa ta ƙulle a bakin zanenta, ta kai shi ɗakin sama, ta buɗe tagogi duka, ta ajiye masa butar ruwa da kofinsa shi kaɗai da sabulu, ta kwashe shimfiɗarta ta koma falo. Ta buga wa 'yarsu waya ta ce kada ta kuskura ta zo.

"Ke fa?" ya tambaye ta. "Ke za ki riƙa zuwa asibiti, in ta kama ki fa?"

"An yi mini tawa tun makon da aka fara. Ni da maƙwabciya muka biya daga kasuwa." Sannan ta ƙara da cewa, "Na ce wa Yaya in ɗaukar mana mota in kai shi. Ya ce a'a, Auta ya ce zai kai shi, kada ya ji kamar an raina shi."

Ta ja ƙofa ta fita.

Ɗakin nan ya ga abin da bai taɓa gani ba. Ba-Hutu ya kwanta, ya tashi. Ya je taga, ya dawo ƙofa. Ya kwance mariƙin ƙofar da ke ƙara tun shekarar aurensu ya shafa masa mai. Ya warware fankar tebur ya wanke fukafukanta ya mayar, kusa ɗaya ta yi saura. Ya tsaya gaban madubin durowa ya yi wa kansa aski, ya sake yi, har ya kusa kai wa ƙwal. Jiri ya ɗebe shi ya dafa bango, da ya lafa ya ci gaba da kai-komo. Daga taga yana hango bakin layi, ya ga wani malamin makaranta da ya shekara goma yana yi wa aski ya tsaya gaban shagon a rufe, ya duba agogo, ya wuce wajen sabon mai askin da ke tsallaken titi. A da wannan kaɗai ya isa ya hana shi cin abinci. Yanzu ko a jikinsa. Kunnensa na kan ƙofar gida, yana jiran takun matarsa.

Ita kuwa labarin take kawowa gutsure-gutsure, daga bakin ƙofa, da takunkumi a fuska. Yau ya sha shayi kaɗan. Yau an ƙara masa iskar. Yau bai yi magana ba. Tela ya bugo waya zai yi tsokanar da ya saba, da ya ji muryar abokinsa sai ya ce, "Allah ya ba shi lafiya, kai ma haka," ya kashe.

Wata la'asar ta dawo ba ta hau sama nan da nan ba. Ya ji ta tana wanke hannu a famfo, ta daɗe. Da ta zo ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Sun mayar da shi ɗakin da ake sa waɗanda jikinsu ya yi tsanani. Ba a barin kowa ya shiga, ko ni."

Ba-Hutu ya nemi abin da zai taɓa, ya rasa. Mutumin da ya yi shekara da shekaru a tsaye ya sulale ya zauna a ƙasa, bayansa a jikin gado. Matarsa ta ce tun da ta aure shi ba ta taɓa ganinsa haka ba, kuma abin ya fi ba ta tsoro a kan duk abin da ta gani a asibiti.

Zazzaɓinsa ya sauka a kwanakin. Ranar da ya tabbata bai dawo ba, ya sa takunkumi ya fita da ƙafa, don matarsa ta ɓoye makullin babur ma. Ba a bar shi ya shiga ba, sai ya kama zagaya katangar asibitin. Ya bi ta gaban ƙofa, ta wajen masu sayar da lemo, ta bayan ɗakin wanki, ya dawo gaban ƙofa. Mai gadi ya fara kallonsa da alamar tambaya. A wani zagayen ya ci karo da Sista ta fito shan iska, ta zare takunkuminta, shatinsa ya kwanta a kumatunta.

"Tun ɗazu nake hango ka ta taga," ta ce. "Za ka haƙa mana rami a bakin katanga."

"Sista, ki gaya mini tsakaninki da Allah. Ni na sa masa?"

Ta girgiza kai.

"Ban sani ba. Babu mai iya gaya maka. Rabin gari na ɗauke da ita, mutane na shiga gaishe shi, yana karɓar saƙo a bakin ƙofa. Zai iya zama kai, zai iya zama wani."

"Da an yi masa allurar fa?"

"Ba ta hana kowa kamuwa ɗari bisa ɗari. Amma sau da yawa wanda aka yi wa, in ta kama shi, ba ta kai shi inda yayanka yake." Ta mayar da takunkuminta. "Ka tambaye ni, na faɗa maka. Yanzu je ka ci abinci, fuskarka duk ta faɗa."

Bai ji daɗin amsar ba, amma ya fi yarda da ita a kan duk masu ce masa ƙaddara ce kawai, ya daina tunani.

Yaya ya yi ta jan numfashi tsakanin nan da can, har Allah ya sa da sauran shan ruwansa. Aka dawo da shi babban ɗaki. Ranar da aka bar Ba-Hutu ya shiga, ya wuce gadon bai gane shi ba, sai da ya ji wata siririyar murya ta ce, "Auta, ina za ka kuma?" Ya juyo ya ga tsoho ƙanƙani a cikin zanen gado, idanu sun zurma, gemu fari fat ya rufe fuska. Ya durƙusa a gefen gadon ya kama hannunsa, ya fara, "Yaya, ni ne na..."

"Ka zo da jakar?" in ji Yaya. "Abin nan ƙaiƙayi yake mini."

Ya zo da ita. Sista ta yarda, da sharaɗin ya wanke hannu, kada ya cire takunkumi, kuma sabuwar reza ga kowane mutum, don tun kafin ya gama da Yaya na gadon kusa ya fara shafa nasa gemun yana gyaran murya. Kafin azahar ya bi gado biyar. Wani tsoho da aka ce bai yi magana da kowa ba tun da aka kawo shi ya karɓi madubi, ya juya kai hagu da dama, ya ce a ɗan ƙara rage gashin bakin.

Yana haɗa kayansa Sista ta dawo da ƙaramin faranti na ƙarfe.

"Naɗe hannun riga."

Ba-Hutu ya ja da baya har ya bugi ƙarfen da ake rataya ruwan ƙari. "Ai ni na riga na yi ta na warke, Sista."

"Ba iri ɗaya ba ce ke yawo. Ka yi wata, wata na nan. Kuma gida ɗaya za ka koma da mutumin nan. Shi sai ya ƙara ƙarfi za a yi masa."

Ya dubi ƙofa. Yaya ya ɗago yatsa daga kan gado ya ce wa jama'ar ɗakin, yana hutawa tsakanin kalmomi, "Ku yi masa uzuri. Yana yaro, ƙarti uku suka danne shi. Ya ciji ɗaya."

Ɗakin ya kaure da dariya haɗe da tari. Asirin da aka rufe fiye da shekara arba'in ya tonu a gaban baƙi. Ba-Hutu ya ce to a yi masa a tsaye. Sista ta ce ba ta yi wa kowa a tsaye, in ya faɗi wa zai ɗaga. Ya ɗosana a bakin gadon Yaya, ya runtse ido, ya damƙi hannun tsohon har sai da ya ce wash. Yana jiran a fara, ya ji ta ce, "Danne audugar." Ya yini yana riƙe da kafaɗar kamar wanda aka harba.

Yaya ya dawo gida, amma ba dukansa ya dawo ba. Daga gado zuwa bakin ƙofa sai ya tsaya ya huta. Shan hantsin da yake fita yi a bakin titi ya koma kan kujera a tsakar gida. Bai taɓa ɗaga maganar babur ɗin da ba a kai shi a kai ba, kuma duk ranar da Ba-Hutu ya so ɗagawa sai Yaya ya aike shi sayen batirin rediyo.

Shagon ne ya sha canji. Ba-Hutu ya matsa wa mai ginin har ya yarda a fasa taga a bangon baya, da magini ya yi masa nawa ya karɓi gudumar da kansa, shi ya sa har yau tagar a karkace take. Ya fitar da benci waje ƙarƙashin rumfa. Ya ajiye bokiti mai famfo da sabulu a bakin ƙofa. In sanyi ya shigo yakan sa takunkumi, wanda ya zo yana tari kuma ya ce masa, "Gashin ba guduwa zai yi ba, je ka warke ka dawo." Wasu suka ji haushi suka koma tsallaken titi, ba su dawo ba. Tela ya sa masa sabon suna, likitan gashi, amma bai kama ba. Duk shekara in an kawo sabuwar allura, don an ce ƙwayar cutar canja riga take yi, shi da Yaya ne farkon zuwa. Yaya na zaune a benci, shi yana zagaya barandar yana duba agogo tun ba a buɗe ƙofa ba, gumi na keto masa, don tsoron bai tafi ko'ina ba.

Bayan shekara biyu 'yarsa ta haifi ɗa namiji, jikansu na fari. Ranar da mijinta zai kawo su gidan a gan su, Ba-Hutu ya wayi gari hancinsa na tsiyaya, da 'yar atishawa jefi-jefi. Ba zazzaɓi, ba ciwon jiki. Matarsa ta ce ƙila turaren da ta fesa a falo ne. Ya ce ƙila. Tun safe bai leƙa ɗakin Yaya ba, daga tsakar gida ya gaishe shi. Da motar ta tsaya a ƙofar gida, ya sa takunkumi ya fita ta gefe ya tsaya a tsallaken kwata.

"Baba, ba za ka ɗauke shi ba?" in ji 'yar, jaririn a ƙirjinta cikin farin tawul.

"Ku shiga, ku shiga, akwai iska. Zan ɗauke shi har ya gaji da ni. Ba yau ba."

Suka shiga. Ya ji guɗar murnar matarsa, ya ji muryar Yaya a hankali tana sa albarka. Ya taka zuwa bakin layi ya dawo. Ya gyara wa surukinsa madubin mota da ba abin da ya same shi. Ya sake takawa ya dawo. Can sai tagar falo ta buɗe, matarsa ta ɗago jaririn daga bayan gilashi, ta janye tawul daga kansa.

"Ga sabon mijina," ta ce da ƙarfi. "Kai tsohon sai ka nemi wurin zama."

Ba-Hutu ya matso har inda ya ga ya dace, ya tsaya, ya miƙa wuya. Yaron na barci, hannu a dunƙule, kansa cike da gashi baƙi wuluk, mai laushi, ya kwanta har goshi.

"Kai!" ya ce. "Wannan ai da aikinsa ya zo. Kada wanda ya taɓa masa kai sai ni. Kun ji ko? Ko na tsallaken titi ya ce kyauta zai yi."

Atishawa ta taso masa, ya juya da sauri ya yi ta a lanƙwasar hannu. Sannan ya tambaya ko akwai abin da ake bukata daga kasuwa. Aka ce babu, an sayi komai tun jiya. Ya ce bari dai ya je ya duba, ya kama hanya.